Gidan Rumfa da Lambunansa: Gadon da Bai Kamata Siminti Ya Binne Ba

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan ana batun tsofaffin gidajen sarauta a ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda ya kai Gidan Rumfa, wato fadar Kano, daɗewa da mutane a cikinsa. An kafa shi a ƙarshen ƙarni na 15, kuma har yau shi ne gidan sarautar Kano. Sarakunan Haɓe sun zauna a cikinsa, na Fulani suka gaje su, Turawa suka zo suka tarar da shi, suka kuma tafi suka bar shi.

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, darajar irin wannan gida tana tattare da abubuwa uku: tsarin da aka shata shi a kai, da fasahar ginin ƙasa da aka tayar da shi da ita, da kuma filaye da itatuwan da aka bar masa domin ya sha iska. Waɗannan ukun su ne siminti da kwano da yawan jama'a suke cinyewa a garuruwan Hausa. Matuƙar aka bari suka salwanta, to za a wayi gari da sunan gida kawai, babu abin da za a nuna wa ɗalibi. Malamin Hausa kuwa yana da kaso a cikin alhakin hana faruwar haka.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Gidan

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kafin zamaninsa, mazaunin sarauta yana cikin tsohon gari ne, kusa da Dutsen Dala. Wajen shekarar 1480 ya fita kudu da garin, ya shata sabon gida a fili, ya kuma faɗaɗa ganuwa domin ta haɗe shi da birni. Gidan Makama, wanda yake kusa da fadar, shi ma ana danganta ginin sa da Rumfa, kuma a yau gidan adana kayan tarihi ne.

Littafin Tarihin Kano ya lissafa abubuwa 12 da Rumfa ya fara, daga cikinsu akwai ginin wannan gida, da kafa Kasuwar Kurmi, da majalisar Tara ta Kano, da kakaki, da figini, da dawakin zage, da kulle, da bai wa babanni sarauta. Idan aka dubi jerin da kyau, za a ga abu guda ne ya haɗa su, wato ɗaukaka sarki da nisanta shi daga idon talaka. Kakaki yana sanar da zuwansa, majalisa tana tsayawa tsakaninsa da jama'a, doguwar katanga kuma tana ɓoye iyalinsa. Ashe gidan bayanin siyasar Rumfa ne da aka yi da tubali. A zamanin ne kuma, wajen 1492, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili ya sauka a Kano, ya rubuta wa sarkin nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki bisa tafarkin Musulunci.

Ƙarfin gidan ya fito fili bayan jihadi. Da aka kori Sarki Alwali, aka naɗa Malam Sulaimanu, wanda ya yi mulki daga wajen 1807 zuwa 1819, sai jagororin jama'a suka ƙi yarda ya shiga gidan Haɓe. Tarihin Kano ya nuna cewa sai da aka fahimtar da shi Kanawa ba za su miƙa wuya ga sarkin da ba ya cikin Gidan Rumfa ba, sannan ya nemi izinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya tare a ciki. Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya ƙara da farfaɗo da sarautu da kayan sarautar da ya tarar. A nan akwai darasi: waɗanda suka kawar da gidan sarauta da takobi ba su iya kawar da ginin ba, domin a idon jama'a ginin ne shaidar mulki.

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya shiga gidan a 1851, ya kuma bayyana yawan farfajiyoyi da zaurukan da baƙo yake ratsawa kafin ya isa gaban sarki. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, shi ya gina Ƙofar Kudu, wadda ta zama fuskar fadar. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila suka ci Kano, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Daga nan aka shiga zamanin Soron Ingila, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna lokacin da aka yi shi. Kowane zamani ya bar sawunsa a cikin gidan.

3.0 Tsari da Fasahar Gini

Gidan Rumfa yana zaune a kan fili mai kimanin eka 33, a cikin katanga mai kusurwa huɗu. Baya ga Ƙofar Kudu, akwai Ƙofar Fatalwa da Ƙofar Kwaru. Babban Masallacin Juma'a yana maƙwabtaka da shi ta arewa. Duk da girman nan, tsarinsa tsarin gidan Bahaushe ne da aka faɗaɗa. A gidan talaka baƙo yana tsayawa a zaure, ɗan'uwa ya wuce shigifa, muharrami kaɗai yake shiga tsakar gida. Haka abin yake a fada, sai dai zaurukan sun yawaita, kuma kowanne yana da mai tsaron sa da irin mutanen da aka yarda su wuce shi. Matsayin mutum a masarauta ana iya auna shi da yawan ƙofofin da yake ƙetarewa. Shamaki da Ɗanrimi da Sallama suna da sassansu da ayyukansu, jakadiya tana kai saƙo tsakanin cikin gida da waje, uwar soro kuma tana kula da sha'anin mata.

Ta fuskar kayan aiki, maginan Hausa ba su yi odar komai daga waje ba. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsimu, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Ana jera shi gindi a ƙasa, a cike tsakani da caɓi, bango ya tashi da kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa da azara ake yin sa, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika damun sa ba.

Sai dai azara tana da iyaka. Idan tazarar da aka ɗora ta a kai ta wuce kimanin mita 2, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi. To yaya aka yi manyan soraye masu faɗi, ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba? A nan gwanintar take. Magini yakan dasa azara a jikin bango, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce ta, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, sannan ya ƙara wata. A haka kowane ɓangare yake miƙowa sannu a hankali har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan aka gitta baka biyu ko fiye sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa. Wanda ya ɗaga kai a cikin irin wannan soro zai ga yadda aka raba rufin gida-gida, aka ƙawata shi da zane da launi.

Ruwan sama shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa, kuma an tanadar masa magani daga sauran sana'o'in gari. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a shafe bango da ita. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga karofin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara daga daji. Indararo yana tunkuɗa ruwa nesa da bango, zanko kuma yana ƙara wa kusurwa nauyi da kwarjini. Ke nan soro guda yana ɗauke da aikin magini da marini da majemi da manomi. Wannan ne ya sa mutuwar sana'a ɗaya takan raunana sauran: idan karofi ya mutu, laso ya tafi ke nan.

4.0 Sheka da Gandayen Sarki

Abin da baƙo ba ya gani daga Ƙofar Kudu shi ne, ba duk filin gidan aka gine ba. Waɗanda suka shata shi sun bar sarari mai itatuwa a cikin katanga, wanda ake kira sheka. Lambun sarkin Hausa ya bambanta da na sarakunan Andalus, irin na fadar Alhamra, inda ake jera furanni da magudanun ruwa bisa awo. Shi lambun inuwa ne da amfani. Yana sanyaya iskar da take shiga ɗakuna, yana nisanta sashen mata daga hayaniyar titi, yana shanye ruwan damina kafin ya kwanta a gindin bango, yana kuma ba matan da suke cikin kulle wurin da za su ga sararin sama.

Haka tunanin Bahaushe yake game da itace a ko'ina. Durumi da ceɗiya na ƙofar fada ne da dandali, tsamiya da kuka na miya da kunu ne, giginya ta gini ce, rimi kuma alamar gari ce da matafiyi yake hange daga nesa. Ba a shuka itace don ado kawai, ba a kuma sare shi sai da dalili.

Sheka tana da 'yan'uwa a wajen birni. Sarakunan Kano sun mallaki gidaje da gandaye a Fanisau da Nasarawa da Ɗorayi, inda ake noma abincin fada, sarki kuma yakan fita can ya huta. Hawan Nasarawa da hawan Ɗorayi da hawan Fanisau da ake yi a lokutan salla suna tuna wannan alaƙa. A yau birni ya haɗiye mafi yawan gonakin da suka kewaye waɗannan wurare. Saboda haka duk wani tsohon itace da ya rage a cikin Kano ya ƙara daraja, musamman a garin da zafin bazara yakan kai digiri 40. Soron da ya rushe ana iya tayar da shi a rani guda idan akwai gwani. Itacen da ya shekara 100 kuwa, idan aka sare shi, sai jikoki su ga madadinsa.

5.0 Hujjojin Masu Son Sabuntawa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu goyon bayan siminti suna cewa fada gida ce ta rayayyu. Akwai iyalai a ciki, da ofisoshi, da makaranta, kuma suna buƙatar lantarki da famfo da ɗakin da ba ya yoyo. Suna cewa ginin ƙasa yana neman yaɓe a kai a kai, gwanaye sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada domin giginya ta ragu. Suna ƙarawa da cewa shi kansa gidan bai taɓa tsayawa a siffa ɗaya ba, tun da kowane sarki ya rushe ya gina. Don me za a ce na yau kaɗai ne ba su da wannan dama?

Duk waɗannan maganganu suna da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana mazauna gidan jin daɗin zamani domin masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto. Amma akwai amsa ta fuska uku.

Ta farko, sauye-sauyen sarakunan da sun gudana ne a cikin fasaha ɗaya. Idan aka rushe soro, jikan maginin farko ne yake tayar da wani, da tubali da azara, don haka ilimin yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Ranar da aka kira ɗan kwangila da bulo, wannan sarƙa ta tsinke. Asarar ilimin ta fi asarar bangon, domin da ilimin ake mayar da bango.

Ta biyu, siminti ba ya jituwa da ƙasa. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Idan aka yi masa filasta da siminti, danshin yakan maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓalle da rabin bangon. Sau da yawa abin da aka kira gyara shi ne yake gaggauta rushewa. Bugu da ƙari, bango mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana, ɗaki ya yi sanyi da tsakar rana ba tare da na'ura ba, alhali ɗakin bulo da kwano yakan zama tanda idan aka ɗauke wuta.

Ta uku, an riga an ga ƙarshen wannan hanya. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a wajen ƙarni na 12, yawancinta ta koma gidaje da shaguna da wurin ɗibar ƙasa. A Zariya, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gini na duniya suke yabawa, abin da ya rage na ainihinsa yana cikin sabon gini ne da aka lulluɓe shi da shi. Tun 2007 ganuwar Kano da wuraren da suke tare da ita, har da fadar, suke cikin jerin wuraren da Nijeriya take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, amma ba su sami shiga ba. Agadas kuwa, da fadar sarkinta da hasumiyarta ta ƙasa, ta shiga a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari sun mayar da yaɓen babban masallacinsu bikin shekara-shekara, yaro da babba kowa da aikinsa. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake taƙama da su. Abin takaici ne a ce hawa ya sami wannan matsayi, gine-ginen da ake hawan a gabansu kuwa suna komawa bulo.

Mafita a fili take. A ware soraye da katangu da itatuwan da suke da tarihi, a auna su, a zana su, a rubuta su, a kuma yi dokar cewa ba a gyara su sai da kayansu na asali. Sababbin buƙatu a yi musu gini a inda ba za su ci sheka ba. A riƙe magina bisa albashi, a haɗa su da almajirai, a kuma dasa giginya domin azarar gobe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: aikin na masarauta ne da gwamnati da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da jami'o'i.

6.0 Gefen da Bai Kamata a Ɓoye Ba

Kare gini ba ya nufin wanke tarihinsa. Gandayen da suka ciyar da fada, bayi ne suka noma su, kuma sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. A cikin gidan an tara ƙwaraƙwarai masu yawa waɗanda ba su zo da son ransu ba. Heidi Nast, a littafin da ta wallafa a 2005 a kan wannan fada, ta nuna cewa waɗannan mata sun riƙe sha'anin hatsin fada, sun kuma yi rini da baba a cikin gidan. Ba a rubuta sunayen yawancinsu ba. Wurin da suka yi daka, da rumbun da suka tsare, da karofin da suka tsoma zane, su ne kaɗai shaidar rayuwarsu. Wanda ya share waɗannan wurare ya share tarihin marasa murya, ya bar na masu kakaki.

7.0 Rawar Malamin Hausa

Ɗalibin da ya kammala kwaleji aka tura shi Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai a masarautar Zuru, yana iya cewa ina ruwansa da fadar Kano, alhali ɗalibansa ba su da kuɗin motar zuwa can. Amsar ita ce, Gidan Rumfa ma'auni ne da zai koya masa kallon abin da yake kusa da shi. A Jihar Kabi akwai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna a ciki har 1942. Akwai kuma kufan Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, a Jihar Sakkwato. Kusa da haka, da wuya a rasa tsohon zaure, ko rumbu, ko itacen dandali a garin da malami yake koyarwa.

Gani ya kori ji. Malami yana iya neman izini ya kai ɗalibai irin wannan wuri, su auna kaurin bango, su zana taswirar gida daga zaure zuwa ciki, su tambayi tsohon magini sunan kowane sashe. Kalmomi irin su tulluwa da indararo da makuba da laso suna fita daga bakin yara, domin kalma ba ta daɗewa bayan abin da take nufi ya ɓace. A yanki irin na Zuru, inda ɗalibai da yawa suke da wani harshen uwa ban da Hausa, aikin yakan ninka amfani: a tattara sunayen a harsunan biyu, a kwatanta yadda kowace al'umma take gina ɗaki da rumbu. Daga fita guda za a sami darasin ƙamus da na insha'i da na al'ada. Mafi muhimmanci, yaron da aka nuna wa hikimar da take cikin ginin kakansa zai daina ɗaukar gidan ƙasa a matsayin alamar talauci. Irin wannan yaro ne gobe zai zama hakimi ko injiniya ko shugaban ƙaramar hukuma, takardar rushewa ta zo gabansa.

8.0 Kammalawa

Gidan Rumfa ya tsallake jihadi da basasa da zuwan Turawa, domin a kowane zamani an sami waɗanda suka ga ya fi amfani a tsaye. Barazanar yau ba ta zuwa da bindiga. Tana zuwa da kyakkyawar niyya da buhun siminti, soro ɗaya bayan ɗaya, itace ɗaya bayan ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar farko ita ce jahiltar darajar abin da aka gada. Toshe ta aikin aji ne kafin ya zama aikin magini.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana dalilin da ya sa Sarki Sulaimanu ya nemi shiga Gidan Rumfa, da abin da hakan yake nunawa game da alaƙar gini da mulki.
2. Yi bayanin waɗannan kalmomi: azara, bakan gizo, ɗaurin guga, makuba, laso, zanko.
3. Kawo hujjoji biyu na masu son sabunta tsofaffin gine-gine, ka auna su da amsoshin da aka bayar.
4. Tsara darasin minti 40 a kan wani tsohon gida ko itace da yake garinku.